Allurar da Na Koya wa Ƙarya

Titiwangsa, Kuala Lumpur,
Laraba, bayan sallar Azahar.

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Nana da ita Nana kanta. Allah Ya tsare ku a tafiyar da za ku yi ranar Asabar, Ya kai ku Terengganu lafiya, Ya sanya albarka a aikin binciken ruwan koguna da kika samu a can.

Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga matar da ƙofar ɗakinta ke kallon ƙofar naki. Na zaɓi rubutu ne don na san halina. Idan na zaunar da ke zan yi magana, kafin in kai tsakiya na mayar da ita lacca, in ƙare ina da gaskiya. Takarda ba ta bari a yi mata haka.

Bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Makullin bas ɗin bai ɓata ba. Yana cikin gwangwanin zare da allura a ɗakina tun ranar Litinin, ni na ɓoye shi. Na ga Baban Nana a durƙushe yana leƙa ƙarƙashin kujeru, na ji ki kina tuhumar Nana da jefa shi a kwandon shara, na yi shiru. Ki ba shi haƙuri a madadina, ki kuma wanke jikata daga zargi.

Dalili kuwa shi ne wannan. Akwai wani ɗan abu da na cusa a injin motar nan da hannuna, wanda yake sa allurar zafi ta yi ƙarya. Matuƙar yana ciki, ruwan injin zai iya tafasa, allurar tana tsaye a tsakiya tana ce miki lafiya lau. Ku kuwa za ku hau dutsen hanyar Karak da kaya cike da mota da yarinya a baya. Shi ya sa na ce a raina ba zan ba ki makullin ba sai an cire shi. Amma ina so ki san yadda na kai ga aikata haka, domin kurakuran da suka kai ni can su ne kaɗai gadon kanikanci da nake da shi, kuma motar ta zama gidanki yanzu, za ki kwana a cikinta a bakin kogunan da babu gareji kusa.

Tun a Kano abin ya faro, kafin a haife ki. Ina koyar da fiziks a lokacin, ina da wata 'yar mota da wata wutar gargaɗi ta kama a allon gabanta. Na kai ta wurin wani makanike, Malam Sule. Ya shige da kansa ƙarƙashin sitiyari, bai yi minti biyar ba ya fito yana karkaɗe hannu, ya ce, "Hajiya, an gama." Na kunna mota, babu wuta. Na ce, "Me ya lalace?" Sai ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini ɗan ƙwan fitilar. Ya ce, "Wannan ne mai damun ki. Ai wutar nan ta Turawa ce, Hajiya, su da suke da tsoro. Duk motar da kika gani a titin nan da ita take yawo, ko an cire mata." Walida, a gaban abokan sana'arsa na tsaya na yi masa darasi na rabin sa'a. Na ce masa wanda ya toshe bakin mai gargaɗi bai kawar da haɗari ba, kawar da saninsa kawai ya yi. Na sa ya mayar da ƙwan ina kallo. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a taron mata ana dariya. Ki riƙe shi a ranki, zan dawo gare shi.

Lokacin da babanki, Allah Ya jiƙansa, ya sayi tsohuwar bas ɗin nan ta 'yan yawon buɗe ido ya ciccire kujerunta ya sa gado da murhu da wurin shimfiɗa darduma, ni dariya na yi masa. Bayan rasuwarsa kowa ya ce in sayar. Matan nan 'yan ƙasarmu na unguwar Sri Petaling har wakiliya suka turo mini, wai tsohuwa mai takaba ba ta da abin yi da bas. Wannan maganar ce ta sa na riƙe ta. Na ɗauko littafin motar mai kauri kamar tubali, na sayi mita da 'yar na'urar da ake soka wa mota ta faɗi lambar ciwonta, na zauna na yi karatu kamar mai shirin jarrabawa.

A wannan karatun na ga abin da har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Na ɗauka inji ƙarfe ne da wuta kawai. Ashe a jikinsa akwai 'yan ƙananan na'urori, kanikawa suna kiransu sansa, mafi yawansu ba su kai babban yatsanki ba. Ɗaya yana jin zafin ruwa. Ɗaya yana jin nauyin iskar da ke shiga. Ɗaya yana jin ƙarfin da man dizal yake tafiya da shi a bututu, ƙarfin da zai iya huda fatar mutum. Wani yana zaune a gindin filta bai da aiki sai jiran ɗigon ruwa a cikin mai. Dukkansu suna aika labari ta siririyar waya zuwa wani akwati, ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ba ta taɓa ganin injin ba. A rufe take cikin duhu, ba ido ba kunne. Abin da aka faɗa mata kawai ta sani, a kansa take yanke hukuncin yawan man da za a fesa da lokacin da za a fesa shi, sau da yawa a cikin ƙiftawar ido ɗaya. Na rufe littafin ranar na daɗe ina kallon hannuna. Na ce wannan aikin ɗan Adam ne, kwaikwayo ne ma na nesa. To, ina ga Wanda Ya shimfiɗa irin waɗannan wayoyi a ƙarƙashin fatata, tun daga yatsan ƙafa har ƙeya, ba su taɓa neman in ɗaure musu kusa ba shekara saba'in? Subhanallah. Ki kula da motar nan da wannan tunanin, za ki same ta abar girmamawa.

Kuskurena na farko da ita ya zo ne a daminar farko bayan rasuwar babanki. Ina zagaya tafkin nan na unguwarmu sai wutar inji ta kama, motar ta ƙi gudu. In taka totur har ƙasa, ita tana tafiya kamar mai jan ƙafa. Na soka na'urata, ta ba ni lamba, na duba littafi: sansan iska. Na yi murna, na ce ga ilimi ya yi rana. Na sayo sabo na sa. Kwana biyu wuta ta dawo. Na ce jabu aka sayar mini, na koma na yi wa mai shagon faɗa, na sayo wani a wani wuri. Wuta ta dawo.

A nan ne na haƙura na kai ta wurin Pak Cik, dattijon nan mai gareji a bayan shagunan Sri Petaling, wanda yake gyara wa babanki ita. Kin san shi, mai farar hula da gilashi ɗaure da zare. Tunda ya ji na taɓa koyarwa yake kirana Cikgu, wato malama. Na miƙa masa lambar a rubuce kamar takardar asibiti. Bai karɓa ba. Ya ce in kunna motar. Ya zagaya baya wurin injin, ya rufe ido, ya bi wani baƙin tiyo da tafin hannunsa a hankali, sai ya tsaya. Ya kama hannuna ta gefen mayafi ya kai wurin. Na ji iska tana hura mini yatsa ta wata tsaga da ba ta kai tsawon farce ba, a ƙasan tiyon, inda ido ba ya kaiwa.

Ya ce, "Cikgu, sansa nawa kika kora daga aiki?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "Da wanda ke ciki yanzu uku. Duka ukun gaskiya suka faɗa miki, lah. Sun ce iska ta yi kaɗan. Ke kika ji kamar sun ce su ne ba su da lafiya."

To, ga nasihata ta farko. Lambar da na'ura za ta ba ki sunan shaida take faɗa, wato wanda ya kawo labarin. Kafin ki taɓa shi, ki je ki duba ko labarin gaskiya ne. Idan ya ce iska ta ragu, ki bi tiyo da hannunki. Idan ya ce mai ba ya isa, ki duba filta. Bayan haka ki zare soket ɗinsa ki leƙa ciki, domin a ƙasar nan danshi yana shiga ko'ina, za ki ga wani koren tsatsa a kan ƙarafunan, wani lokaci ma tururuwa ce ta yi gida. Ki bi wayar da ido har inda ta shige, ki duba inda take gogar ƙarfe. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan ki sa mita a kan sansan. Shi ne na ƙarshe da za ki tuhuma. Sansa biyun da na kora suna cikin akwatin kayan aiki, lafiyarsu ƙalau, ki tafi da su.

Kuskure na biyu ya fi ban kunya, don na ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Motar ta fara wani hali: ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiyar rabin sa'a, sai ta mutu kamar an yanke mata numfashi. In zauna in jira, bayan wani lokaci ta tashi kamar ba ita ba. Ranar da ta yi mini haka a bakin kasuwar Chow Kit, ina da kifi ɗanye a cikin mota, masu babura suna ta danna mini oda, wani mai rumfar kayan miya yana yi mini magana da hannu da ƙafa, na yanke hukunci cewa gurɓataccen mai aka zuba mini. Na je gidan man na faɗa wa matar da ke wurin maganganun da har yau nake istigfari a kansu, da Turancin da na zaɓo mai tsini. Na sa aka juye tankin kaf. Mako bai zagayo ba motar ta sake mutuwa.

Pak Cik tambaya ɗaya ya yi mini: "Tana mutuwa da sanyi ko da zafi?" Ni da na shekara talatin ina koya wa ɗalibai su rubuta yanayin da suka yi gwaji a ciki, ban lura ba. Ya bar ta tana aiki a garejin har ta mutu da kanta. Sai ya ɗauko gorar ruwan da yake sha, ya tsiyaya a kan wani ɗan baƙin abu can ƙasa kusa da inda inji ya haɗu da giya. Ya ce, "Kunna." Ta tashi nan take.

Na ce, "Pak Cik, wannan kuma wane irin tsafi ne?"

Ya yi dariya har gilashinsa ya zame. Ya ce, "Tsafin ruwan famfo. A cikinsa akwai waya siririya kamar gashi. In ta ji zafi sai ta buɗe, in ta huce sai ta haɗe. Na shayar da shi ne kawai."

Sannan ya haska mini fitila ya nuna mini abin da sansan yake kallo. Wani faifan ƙarfe ne mai haƙora a kewaye, yana juyawa tare da injin. Sansan yana ƙirga haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya suna wucewa da gudun da ido ba zai iya bi ba. A wuri guda an bar giɓi da gangan. Da wannan giɓin ƙwaƙwalwar take gane inda aka kwana a kowane zagaye. Da zarar ƙirgar ta ɗauke, sai ta tsayar da mai gaba ɗaya, domin ba za ta fesa wuta a makance ba. Walida, na tsaya a garejin nan mai warin baƙin mai, hawaye ya cika mini ido. Motar da nake zagi a Chow Kit ashe ƙin yin aiki da jahilci ta yi. Ta rasa sani sai ta tsaya. Ni kuwa na rasa sani sai na tafi gidan mai na ci mutuncin baiwar Allah.

Saboda haka ki ajiye ɗan littafi a aljihun ƙofar direba. Duk ranar da motar ta yi wani abu, kafin ki yi fushi ki rubuta: da sanyi ne ko da zafi, ana ruwa ko an ɗauke, a hawa ne ko a gangara, tanki cike ko ya yi ƙasa. Ciwon da yake zuwa yana tafiya ba ya son a rubuta shi, layi huɗu ko biyar za ki ga ya tona kansa. Kuma wutar nan mai hoton ɗigo, ta ruwa a cikin mai, kada ki yi mata gardama ko sau ɗaya. Ki tsaya, ki kwance 'yar kusar gindin filta, ki bar ruwan ya tsiyaye har sai mai zalla ya fito. Na koma wurin matar gidan man na ba ta haƙuri, in kina son sani. Ta ce ba ta ma tuna ni ba, wannan ya fi mini ciwo.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye-kewaye.

Kin tuna ranar sunan Nana. Na yi wa matan Sri Petaling alkawarin zan ɗauko su da kaina a cikin bas ɗin, su goma sha wani abu, waɗannan dai da suka ce in sayar da ita. Na sa an wanke ta, na shimfiɗa sabon kafet. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da safe na murɗa makulli, sai allurar zafi ta haura can ƙarshe, jar wuta ta kama, ƙararrawa ta ɗauki ƙara. Injin da ya kwana a sanyi, na dafa shi da hannuna kamar randa. A wannan karon sansan ne da kansa ya rikice, na auna shi da mita na tabbatar. Amma ƙwaƙwalwar ta gaskata shi, ta hana motar ƙarfi. Shagunan kayan gyara ba su buɗe ba. Zan iya kiran matan in ce su hau jirgin ƙasa. Zan iya kiran Pak Cik. Sai na hango fuskokinsu, na ji abin da za su faɗa a hanya.

Na buɗe littafin motar, na duba jadawalin da ya nuna abin da lafiyayyen sansa yake aikawa idan inji yana kan daidai zafinsa. Na buɗe tsohon akwatina na koyarwa, na zaɓo rezista, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai zane-zanen launi, wanda zai aika daidai wannan saƙon ba canji. Na zare soket ɗin daga kan sansan, na cusa rezistan a ciki, na naɗe da baƙin salatif. Na murɗa makulli. Allura ta tashi ta tsaya cak a tsakiya, jar wuta ta mutu, ƙararrawa ta yi shiru. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na ce a raina wane makanike ne a garin nan zai yi wannan lissafin cikin minti goma. Na ɗauko matan, suna ta "Ma sha Allah, Hajiya, ashe da gaske kike." Na ce gobe zan sayi sabo in sa.

Na sayi sabon kuwa, a cikin makon. Yana nan cikin ledarsa. Amma motar tana tafiya lafiya, ni kuma ba na zuwa ko'ina sai kasuwa da bakin tafki da masallaci, duk shimfiɗaɗɗiyar hanya, tafiyar minti ashirin. Gobe ta zama jibi. Yau Nana tana da wata goma sha huɗu. Na daina zuwa wurin Pak Cik gaba ɗaya, na koma canza baƙin mai a wani wuri inda ba a san ni ba, don na san da ya buɗe bayan motar idonsa zai sauka a kan salatif ɗin.

Ke ma kin kusa kama ni. Watan jiya da kika fara koyon tuƙa ta, kin dawo gida kin ce, "Mama, allurar nan fa ina kunnawa take zuwa tsakiya, ba ta jira inji ya yi zafi?" Na ce miki, "Haka take. Motar ƙasar zafi ce." Kika ce, "Oh, okay," kika yarda, don ban taɓa yi miki ƙarya a kan ilimi ba. Wannan ita ce ta farko. Idonki ya ga daidai, ni na rufe shi. Ki yafe mini.

Ki fahimci girman abin. A motar nan sansa ɗaya ne yake ba allura labari, shi ne kuma yake sa ƙwaƙwalwa ta umarci babbar fanka ta kama da ƙarfi idan zafi ya hau, shi ne yake sa ta rage wa inji wuta idan abin ya yi yawa. Duka ukun na kashe da ƙwayar shinkafa guda. A hawan Karak, kafin ku kai ramin da aka huda a dutse, injin zai yi aikin da bai yi ba tun babanki yana da rai. Yana can baya, nesa da hancinki da kunnenki, a ƙarƙashin gadon da za ku kwantar da Nana. Malam Sule ƙwan fitila kawai ya cire, duk wanda ya kalli allon ya san babu labari. Ni na bar fitilar da allurar a raye, na koya musu su ce lafiya. Bai yi karatun da zai iya wannan ba. Sai mai digiri biyu.

Jiya Talata da hantsi, kuna wurin sayayya, na sauka da niyyar in cire shi in sa sabon, in mayar da makulli a ce an tsince shi, ba wanda ya ji. Na buɗe bayan motar, na kwanta a kan ƙarfen kamar yadda na yi wancan karon, na miƙa hannu. Kafaɗata ta ƙi. Saura kamar faɗin tafin hannu tsakanin yatsana da salatif ɗin, ina ganinsa, na kasa. Na sake gwadawa da hagu, na gwada da filaya, har numfashina ya fara sama-sama. Wata goma sha huɗu da suka wuce hannun nan ya kai. Na sauko na zauna a kan matakalar motar, mai a gaban rigata, na daɗe a wurin. A nan na gane wannan sirrin ya fi ƙarfin hannuna ta kowace fuska.

Yau da safe na hau jirgin ƙasa na tafi Sri Petaling. Na tarar da Pak Cik yana shan shayi a mamak, wato shagon shayin da ke jikin garejinsa. Ya miƙe ya ce, "Cikgu! Na ɗauka kin koma Najeriya ba sallama." Ban zauna ba. A tsaye na faɗa masa komai, kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Ya saurara har na gama. Sai ya shiga ciki, ya fito da wani gwangwanin biskit ya buɗe mini. Cike yake da rezistoci da guntayen wayoyi da ƙullin salatif.

Ya ce, "Duk daga motocin mutane na ciro su. Wannan na wani injiniya ne. Wannan na wani mai koyar da lantarki. Direban lori ba ya yin wannan, Cikgu, shi tsoron injinsa yake ji. Sai masu ilimi."

Na ce, "Masu su fa?"

Ya ce, "Waɗansu sun kawo da ƙafarsu. Waɗansu janwe ya kawo su." Ya rufe gwangwanin. "Ke da ƙafarki kika zo. Wa zai tuƙa ta zuwa gabas?"

Na ce, "'Yata."

Ya ce, "Wadda ta tambaye ki zancen allura?" Na ce ita. Ya ce, "To, ki kawo ta gobe. Ita za ta cire da hannunta, ni ina tsaye. Mai irin wannan idon ya kamata ta san inda abin yake. Boleh?" Wato, zai yiwu?

Na ce, "Boleh."

Don haka gobe Alhamis da ƙarfe takwas za mu tafi, ni da ke, a hankali, hanyar ba hawa. Zai duba lagireto da tiyo da fanka gaba ɗaya, don ba wanda ya san abin da ya faru a can cikin watannin da na rufe musu baki. Sabon sansan yana cikin ambulan ɗin nan, shi ne abin da kika ji yana motsi. Bayan an sa shi, za mu jira injin ya huce sarai, sannan ki murɗa makulli. Allurar za ta kwanta can ƙasa, ta ƙi tashi. Sannan za ki gan ta tana ɗagowa kaɗan-kaɗan yadda zafi yake shiga ƙarfe. Ki riƙa duba wannan kowace safiya muddin motar tana hannunki. Duk ma'aunin da kika ga bai taɓa canza magana ba, safe da rana, hawa da gangara, ki binciki wanda ya koya masa.

Saura roƙo guda, kuma ban saba ba, sai ki yi haƙuri da yadda zai fito. Tun ranar da aka kai babanki ban zauna a kujerar gefen direba a motar nan ba, ban kuma bar kowa ya kai ni ko'ina a cikinta ba. Ina so ranar Asabar ku tafi da ni har bayan ramin dutsen. Ke za ki tuƙa. Ba zan ce miki canza giya ba, ba zan ce rage gudu ba, na yi alkawari, Baban Nana shaida ne. Ina so ne kawai in zauna a gefenki in ga allurar nan ta haura da gaskiya a kan hawan, in ji fankar ta kama da rurinta a bayanmu, in ga allurar ta sauko. Daga nan ku sauke ni a Bentong, zan hau motar haya in dawo, na san hanya.

Allah Ya kiyaye ki a hawa da gangara, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da ruwa da wuta. Allah Ya raya Nana bisa tafarkin gaskiya, Ya ba ki haƙurin zama da mijinki a ɗaki mai taya huɗu, Ya haɗa ki da mutanen kirki a duk inda motar ta tsaya. Allah Ya jiƙan babanki, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da zan yafe ba. Allah Ya yi miki albarka.

Idan kin gama karantawa, ki shigo ɗakina ki buɗe gwangwanin ki ɗauki makullin da kanki. Ina nan zaune, ƙofar a buɗe take.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.